Hana tallar kirifto a Facebook da Google: toshe baki ne ko tsare kasuwa?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san harkar su raba mana gardama. Matasan da ke saye da sayar da USDT (kuɗin intanet na kirifto mai bin darajar dala) a nan Garwa ta Orange Money da MoMo sun daɗe suna kuka da abu guda: da zarar mutum ya biya Facebook don a ɗaga masa talla, sai a dawo masa da ita, in ya nace a rufe masa asusun tallar ɗungurungum. Har mai koyar da yadda ake buɗe lalitar kirifto, wanda ba ya sayar da komai, wani lokaci abin yana shafarsa. Ga shi kuma kullum muna cin karo da tallar masu alkawarin ninka kuɗi cikin mako guda. Wasu na cewa toshe bakin jama'a ne, ba a son talaka ya waye. Wasu na cewa kamfani yana da ikon zaɓen tallar da zai karɓa. Wanne ne gaskiya? Kuma akwai hanyar halas da ɗan Kamaru ko ɗan Cadi zai bi tallarsa ta wuce?

Malamin Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. Rubutun da ka sa a shafinka kyauta daban, tallar da ka biya a kai wa mutanen da ba su san ka ba daban. Dokokin da ake kuka da su kusan duka a kan na biyun suke. Yau ka rubuta a shafinka cewa bitkoyin ya fi sefa, ko ka soki BEAC, babban bankin yankinmu, son ranka, ba wannan doka ce za ta taɓa ka ba. Abin da aka hana shi ne ka yi hayar lasifikar kamfanin ka kira mutane su kawo kuɗi. Gidan rediyon da ya ƙi karɓar tallar mai maganin da ba a san asalinsa ba, ba mu cewa ya toshe masa baki.

Kuma dokar ba daga sama ta faɗo ba. A Disamban 2017 bitkoyin ya kusa dala 20,000, kowa ya ƙirƙiro sabon sulalla yana tara kuɗin jama'a tun kafin a ga abin da zai gina. A tsakiyar Janairun 2018 BitConnect, wani shirin zuba kuɗi na kirifto mai alkawarin riba mai yawa, ya rufe, dukiyar mutane ta narke cikin kwana ɗaya. Makonni biyu bayan haka Facebook ya hana tallar kirifto baki ɗaya. A Maris Google ya sanar da tasa dokar, wadda ta fara aiki a Yuni, Twitter ma ya bi sahu. A Afrilun shekarar ne Martin Lewis, ɗan jaridar harkar kuɗi a Ingila, ya kai Facebook kotu saboda ana amfani da fuskarsa a tallar damfara, aka sasanta a 2019 bayan kamfanin ya amince ya ba da fam miliyan 3 ga aikin yaƙi da damfara. A 2022 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ita ma ta maka Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a kotu kan irin wannan talla. Wato kamfanin ya gane cewa kuɗin tallar da yake karɓa na iya zame masa ƙarfen ƙafa.

Ba a kuma bar ƙofar a rufe ba. Tun Yunin 2018 Facebook ya buɗe hanyar neman izini. A Oktoban 2018 Google ya yarda da kasuwannin musanya masu rajista a Amurka da Japan. A Disamban 2021 Meta ya ƙara yawan lasisin da yake karɓa daga 3 zuwa 27. Mai son ɓoye wa duniya kirifto ba haka zai yi ba. Ni a ganina tsare kai ne daga shari'a.

Mai Canji, Kuseri:

Malam, na yarda da rabin maganarka. Mu da ke bakin gadar Ngeli mun san toshe baki na ainihi. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur, an toshe Facebook da WhatsApp da Twitter a Cadi, sai da VPN, manhajar zagaye toshiya, ake shiga. A 2017 an yanke intanet gaba ɗaya a yankuna biyu na masu Ingilishi a Kamaru fiye da wata uku. A Fabrairun 2024 Najeriya ta sa kamfanonin waya su toshe shafin Binance, babbar kasuwar musanya kirifto. Duk waɗannan hannun hukuma ne, ba ka da wata ƙofar da za ka koma. Wanda ya haɗa su da ƙin karɓar talla ya rage wa kalmar nauyi.

Amma kukan yaran nan ba na banza ba ne, kuma misalinka na gidan rediyo yana da rauni. In rediyo ɗaya ta ƙi ka a Marwa, akwai wata. A intanet ina wata ƙofar? Facebook, Instagram da WhatsApp na mutum ɗaya ne, Google da YouTube na mutum ɗaya, TikTok kuma a 2021 ya hana masu mabiya karɓar kuɗi don tallata kirifto. In waɗannan uku suka ce a'a, kasuwar ta tashi.

Sai babbar matsalar, wadda ka wuce ta da sauri. Ka dubi lasisin nan 27 da aka sanar a 2021: akwai na Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Japan, Singafo da sauransu, babu ko ɗaya daga ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen yankinmu masu amfani da sefa. To ƙofar a buɗe take, amma mabuɗin ba a ƙasarmu ake ƙera shi ba. Kamfanin waje mai lasisin Turai yana da hanyar neman izini, ɗan gida mai gaskiya ba shi da takardar da zai ɗora. An yi masa kuɗin goro da ɗan damfara.

Laifin ma ba na Meta kaɗai ba ne, tsarinmu na gida ja-in-ja ne. A Afrilun 2022 Afirka ta Tsakiya ta mai da bitkoyin kuɗin hukuma, ƙasa ta biyu bayan El Salvador. Ranar 6 ga Mayun 2022 COBAC, hukumar kula da bankunan yankin, ta hana bankuna, ƙananan bankuna da kamfanonin biyan kuɗi riƙewa ko musanya kirifto. Wata biyu bayan haka, a Yulin 2022, aka amince da sabuwar dokar kasuwar hannun jari ta yankin, wadda ta san da kadarorin intanet, ta kuma ɗora wa COSUMAF, hukumar kula da wannan kasuwa, ba masu wannan sana'a izini. A Maris 2023 Afirka ta Tsakiya ta janye matsayin da ta ba bitkoyin. Hukuma ɗaya na cewa zo ka yi rajista, ɗaya na ce wa bankinka kada ya taɓa kuɗinka. Ma'aikacin da ke duba talla daga wata nahiya, in ya ga haka, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙi.

Kada kuma a manta, kamfanin da ya hana tallar kirifto a 2018 shi ne ya sanar da nasa kuɗin, Libra, a Yunin 2019, wanda ya koma Diem, aka sayar da ragowarsa a farkon 2022. Mai gida ne, alƙali ne, kuma ya so ya zama ɗan kasuwa a rumfa guda. Zargin jama'a yana da tushe.

'Yar Ngaundare:

Bari in amsa ɓangare na biyu na tambayar, don Alhaji Mai Canji da Malam sun tsaya a kan na farko.

A dokar Meta ba duk tallar da ta ambaci kirifto ke buƙatar izini ba. Labarai, darasi, sanarwar taro, bayanin fasahar bulokcen, da lalitar da ajiya kawai take yi, waɗannan suna iya wucewa ba takarda. Masu buƙatar rubutaccen izini su ne kasuwar musanya, ba da rance ko karɓarsa da kirifto, lalitar da ake saye da sayarwa a cikinta, da manhajar haƙo sulalla. Mai cewa "ina sayen USDT, ga lambata" ya faɗa rukuni na biyu kai tsaye, ko da jarinsa bai wuce sefa 200,000 ba. Ba wata dabarar rubutu da za ta fitar da shi.

Masu koyarwa kuwa yawanci kuskure uku ke kayar da su. Ba rubutun tallar kaɗai ake dubawa ba, ana bin mahaɗin zuwa inda ya sauka. In darasin ya ƙare da mahaɗin gayyata na wata kasuwa wanda kake samun kamasho a kansa, ka zama mai tallata kasuwar, ba malami ba. Na biyu hoto: hoton allon waya mai nuna ribar da aka ci, damin kuɗi, mota, ko kalmomi irin su "riba tabbas" da "kashi 30 duk wata". Waɗannan ko babu kirifto a ciki suna karya dokar yaudarar kuɗi. Na uku, wanda ya fi kashe asusu, shi ne nacewa. An ƙi talla, sai mutum ya sauya harafi ɗaya a kalmar bitkoyin, ko ya ɓoye ta cikin hoto, ya sake turawa. Wannan a wurinsu yunƙurin kauce wa bincike ne, laifinsa ya fi na farkon girma. Daga nan ake rufe asusun talla, kuma sabon asusun da aka buɗe da kati ɗaya ko waya ɗaya yakan bi na farkon.

Abin yi in an ƙi tallarka: kada ka goge, kada ka sake turawa. Shiga sashen da ake nuna matsalolin asusunka ka karanta sunan dokar da aka ce ka karya. In kana ganin kuskure ne, nemi a sake dubawa sau ɗaya, da gajeren bayani cikin Faransanci ko Ingilishi cewa darasi ne, ba saye da sayarwa. In akwai mahaɗin gayyata, cire shi daga tallar da kuma shafin da take kaiwa kafin ka nema. Binciken talla yakan kammala cikin awa 24, saboda haka kada ka sa tallar taro ana gobe taron. A lissafinka kuma ka sa harajin kaya na Kamaru, kashi 19.25 cikin ɗari: tallar sefa 10,000 tana komawa 11,925.

Inda nake tare da Alhaji shi ne kuskuren na'ura. Tana gane kalmar USDT a kowane harshe, amma jimlar Hausa ko Fulatanci da ke gargaɗin mutane a kanta ba lallai ta fahimta ba, sai ta yi kan mai uwa da wabi. Ya taɓa faruwa a fili: a Disamban 2019 YouTube ya sauke bidiyoyin kirifto masu yawa, har na koyarwa, daga baya ya ce kuskure ne ya mayar. A 2022 Mailchimp, kamfanin tura wasiƙun imel ga masu bibiya, ya dakatar da asusun kafafen labarai irin su Decrypt da Messari. Waɗannan ba talla ba ce, magana ce aka taɓa, kuma a nan ne kalmar toshe baki ta fara samun wurin zama. Su suna da murya, sun yi ƙara an ji. A Tarayyar Turai doka ta tilasta wa dandali ya faɗi dalilin cire abu, ya kuma ba da hanyar ɗaukaka ƙara. Yaron da ke Gidar ko Mokolo ba shi da wannan kariya.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai, Yaya. To amma ta yaya tallar 'yan damfarar ke wucewa, tunda binciken yana da tsanani haka?

'Yar Ngaundare:

Da hanyoyi biyu galibi. Suna sace asusun talla na wasu mutane, wanda ya daɗe yana aiki lafiya da katinsa a ciki, su kashe kuɗin cikin kwana ɗaya ko biyu kafin a farga. Sannan suna da shafi mai fuska biyu: na'urar bincike in ta zo sai ta ga shagon takalma, kai in ka latsa daga wayarka sai ka ga alkawarin ninka kuɗi. An rufe asusu ɗaya, suna da goma a ajiye. Mai gaskiya asusu ɗaya gare shi da sunansa na ainihi, shi ya sa dokar ta fi cizonsa. Kafin ka yarda da wata talla, nemi sunan shafin a ma'ajiyar talla ta Meta, kowa na iya shiga kyauta, ka kuma duba ranar da aka buɗe shafin da sau nawa ya sauya suna. Shafin da watan jiya yake sayar da atamfa, yau yake raba riba, an gama magana.

Malamin Marwa:

Alhaji, na karɓi gyaranka a kan lasisi. Sai dai in ƙara abu guda, don kada matasa su ɗauka Facebook ne kaɗai shingen. Ko da gobe Meta ya buɗe ƙofa, kiran jama'a su zuba ajiyarsu da alkawarin riba a yankin CEMAC yana buƙatar amincewar COSUMAF, kuma hukumar ta sha fitar da gargaɗi a kan masu yin haka ba izini, ciki har da masu Liyeplimal, wanda ya tafi da dukiyar 'yan Kamaru da yawa. Irin wannan ba tallar Facebook ce ta fi yaɗa shi ba. Taro ne a otal, da zauren WhatsApp, da ɗan'uwa yana jawo ɗan'uwa don kamashon gayyata. Shi ya sa Ingila, a dokarta ta Oktoban 2023, ba ta tsaya a kan gargaɗin hasara ba, ta hana ladan gayyato aboki, ta kuma sa sabon mai zuba kuɗi ya jira awa 24 kafin a ƙarasa da shi. Faransa a Yunin 2023 ta hana masu mabiya tallata kamfanin kirifton da bai yi rajista da hukumar kasuwar kuɗinta ba. A Amurka an ci Kim Kardashian tarar dala miliyan 1.26 a 2022 don ta tallata wani sulalla ba ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba.

Saboda haka, ƙanena, ka gaya wa masu koyarwar nan na Garwa: duk wanda ke samun kamasho daga mahaɗin da yake rabawa a WhatsApp ko Telegram, inda ba mai duba komai, ya rubuta hakan a layin farko, da adadin abin da yake samu a kan kowane mutum.