In jirgi ya samu matsala me mutum zai yi?

Maman Ikram:
Salam jama'a. Don Allah zan tafi Umara ta filin jirgin Malam Aminu Kano kuma ban taɓa hawa jirgi ba, tun faɗuwar jirgin nan a Gwammaja a 2002 gabana ke faɗuwa. In matsala ta taso ya ake yi?

Ɗan Kurmi:
Hajiya Allah ya kai ki lafiya. Da kin zauna ki ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninki da ƙofa mafi kusa, don in hayaƙi ya turnuƙe sai dai lalube. Kuma jaka a barta wallahi, ana gwada jiragen nan ne kan kowa ya fice cikin sakan 90, a Tokyo a 2024 jirgin Japan Airlines ya kama da wuta amma duk mutum 379 sun fita da ransu, kayansu suka bari.

Anti Bilki:
Abin shaƙar iska in ya sauko ki fara sa naki kafin na yaro, in kin suma wa zai sa masa? Rigar ruwa kuma kar a hura ta sai an zo bakin ƙofa, in ruwa ya shigo za ta danne mutum a rufin jirgi ya kasa fita.

Ɗan Kurmi:
Gaskiya ne Anti. Sannan bel ya zauna a ɗaure ko fitilar da ke nuna a ɗaura shi ta mutu, iska kan girgiza jirgi ba sallama.

Maman Ikram:
Na gode, to silifas fa ko sai takalmi rufaffe?