Malaman lissafi, ku taimaka mini da 1,000,001

Assalamu alaikum. Daga Argungu nake. Ɗiyata 'yar aji uku a sakandare ta kawo mini aikin gida: shin 1,000,001 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu?

Dare biyu ke nan muna zaune kan tabarma da tocila da kalkuletar waya. Mun gwada irin waɗannan lambobin tun daga 2 har 97, babu wadda ta raba ta daidai. Abin da ya ɗaure mini kai, 3, 7, 11, 13 da 37 duk 2 suke bari saura. Me ya jawo haka?

Kuma dole sai mun kai 1,000 kafin mu tabbatar, ko akwai gajeriyar hanya? Ran Litinin za ta miƙa. Allah Ya saka da alheri.