Bayan an daina harbi, ƙasar noma tana komawa yadda take kuwa?

Ɗan_Konduga:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga masu ilimin noma ko muhalli, dan Allah a taimaka. Tun da aka fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri a 2021 mutanenmu ke ta komawa garuruwa, har da kawuna da iyalansa. To gonakin an bar su shekara da shekaru, wani wajen ya zama kurmi ba ka iya ratsawa, wani wajen kuma fayau ko itace ɗaya babu, sannan ga ramuka inda abu ya taɓa fashewa, da damina ruwa ya taru a ciki awaki su sha yara su yi wanka. Shin ƙasar da aka yi yaƙi a kanta tana warkewa da kanta ne? Abin da aka noma a wajen lafiya a ci? A wasu ƙasashen da aka yi yaƙi ya suka ƙare da irin wannan?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ma a zo maganar guba, abu na farko nakiya ce da bama-baman da ba su tashi ba, don su ba ruwansu da an yi sulhu ko ba a yi ba. A Faransa yankin Verdun inda aka gwabza a 1916, har yau akwai dajin da gwamnati ta killace ba a noma ba a gini, kuma manoman kewaye duk shekara sai garma ta tono musu harsashin igwa su ajiye a bakin gona ma'aikata su zo su ɗauka, shekara sama da 100 kenan fa. Laos kuwa tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba mata bam sama da tan miliyan 2, ƙananan nan masu kamar ƙwallo miliyoyi ba su fashe ba, kuma yara ne suka fi ɗauka don suna ganin abin wasa ne. To ka gaya wa Kawu duk ƙarfen da bai gane ba, ko waya ta leƙo daga ƙasa, ko galan a binne, kar ya taɓa kar ya matsar, ya sa alama daga nesa ya sanar da bulama da jami'an tsaro. A ja wa yara kunne kan tsintar ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan, ka san dai gwamnatin Borno ta hana sana'ar nan a 2023.

Maganar guba kuma kar a tsorata mutane fiye da kima. Wadda duniya ta fi sani ita ce ta Vietnam, inda sojan Amurka suka yi ta feshin maganin kashe ciyawa daga jirgin sama tun 1962 har 1971 don ganye ya zube su hango abokan gaba, lita sama da miliyan 70, mafi yawansa wanda ake cewa Agent Orange. A cikinsa akwai wani sinadari dioxin da ba ya ruɓewa da wuri, yana kwanciya a laka, kifi ya ci, agwagwa ta ci, mutum ya ci su. Filin jirgin Da Nang sai 2018 aka gama tsabtace shi, kuma tono ƙasar aka yi aka gasa ta da zafi mai tsanani, na Bien Hoa an fara 2019. Mu ba irin wannan aka yi mana ba alhamdulillah. Namu dai ragowar abin fashewa ne da dalma ta harsashi da baƙin mai inda motocin yaƙi suka ƙone, kuma yawanci yana tsayawa ne a daidai wajen, ba gona gaba ɗaya ba. Hatsi kamar gero da dawa ba su cika kai dalma cikin ƙwayarsu ba, ganye da masu saiwa irin alayyafo, rogo, dankali su suka fi kwasa. Ruwan ramin nan dai a hana yara da dabbobi.

Maman_Ihsan:
Injiniya sannu da ƙoƙari, amma ni a ganina babbar ɓarnar da aka yi wa ƙasar nan ba bam ne ya yi ta ba, tukunya ce. Ka tara mutane dubu ɗaruruwa a gari ɗaya, kowace mace sai ta ɗora girki, ba gas ba kananzir, me kake so ta yi? An fara da busassun rassa, aka koma sare ɗanye, da itacen kusa ya ƙare aka koma tono kututture da saiwa, wlh na ga mata da gatari da diga suna haƙa kamar masu gina rijiya don guntun da ba zai dafa wake ba. Ƙirya da marke tuni masu gawayi suka gama da su don su ke yin gawayi mai nauyi, aka dawo kan tsamiya da aduwa da kanya waɗanda da can ko yaro ya san ba a sara tunda ana cin 'ya'yansu. Ita kuma darbejiya da aka san Maiduguri da ita sai ka ga an yi mata aski an bar gungume. Da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu a farkon 2021 gari ya daɗe a duhu, mai guga ya koma gawayi, mai shayi gawayi, gidan burodi itace, kowa dai. Kuma masu zuwa yo itacen nan da ransu suke caca, da yawa sun fita ba su dawo ba, Allah ya jiƙansu.

Sannan gona. Garuruwan da aka haƙa wa rami aka zagaye, ba ka da ikon wuce 'yan kilomitoci kaɗan, to ɗan filin nan shi kowa ke noma bana da baɗi ba hutu, shanun da ke bi suna zuba taki an sace ko an gudu da su, takin zamani na yuriya kuma an taƙaita shigo da shi don ana haɗa bam da shi. Ƙasa ba sai ta gaji ba? Wajen da ka ce fayau ɗin nan ɗan uwa, ina kyautata zaton gatari ne.

Bakatsine90:
Ni fa na ji an ce yaƙi wani lokaci alheri ne ga daji. Tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu akwai zirin ƙasa da ba mai shiga tun 1953, yanzu cike yake da tsuntsaye da namun daji. Ko nan gida ai ƙarshen 2019 an hango garken giwaye daga jirgin sama wajen garin Rann na Borno. Abin da yaƙi ya kashe mana kawai Tafkin Chadi ne da ya ƙafe.

Elh_Diffa:
Bakatsine a'a, gyara kaɗan. Tafkin ya ja baya ne tun farin shekarun 1970 da 1980, daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960, lokacin ba wanda ya san da Boko Haram. Ruwa ma na nan yana zuwa yana komawa, mu da ke bakin kogin Komadugu mun sani. Abin da yaƙi ya yi shi ne raba mutane da ruwan. A 2015 aka kwashe jama'a daga tsibiran ɓangaren Nijar, aka hana cinikin bandar kifi da tattasai na wani lokaci don an ce da kuɗin ake ciyar da 'yan ta'adda, alhali tattasai shi ne arzikin Diffa. Masunta da makiyaya da manoma duk suka taru a gefen kwalta kan ƙasa mai yashi, abin da Hajiya Maman Ihsan ta faɗa shi ya faru a nan ma, itace ya ƙare, rairayi ya samu hanya.

Zancen daji ya huta kuma, inda ba mutum ko ɗaya ne irin na Koriya. Inda masu bindiga ke zaune cikin dajin suna jin yunwa ba hutu. Gandun Gorongosa a Mozambik, yaƙin basasa daga 1977 zuwa 1992 ya cinye sama da kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobinsa, nama a ci, haure a sayar a sayi makami, har ta kai giwaye mata marasa haure suka yawaita don su ne maharba ba su damu da su ba. Sambisa ma ai gandun namun daji ne kafin sunan ya zama abin tsoro. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham sai da ya yi musu wasiyya kar su sare itace mai 'ya'ya, kar su yanka akuya ko raƙumi sai don ci, su kuwa waɗannan masu cewa addini suke yi gona suke cinna wa wuta ana gab da girbi.

Injiniya_Sani:
Hajiya kin yi gaskiya, na tsaya kan ƙarfe na bar gatari. Gyara kuma kuɗi ne. Kuwait da sojan Iraƙi suka cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta a 1991, sai watan Nuwamba aka kashe ta ƙarshe, ɗanyen mai ya kwanta tafki-tafki a hamada, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Iraƙi biyan diyya har da ta muhalli kuma sai 2022 ta gama biya, amma duk da kuɗinsu an fi shekara 30 ana fama da ƙasar. Mu ba wanda zai biya mu, don haka mai sauƙin shi za a yi: duk tohon da ya fito daga tsohon kututture a gona kar a sassabe shi, a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran, haka manoman Maraɗi da Zinder suka dawo da itatuwa a gonakinsu ba tare da dashe ba. Idan kuma Kawu na shakkar wani waje, bayan masu cire bam sun duba, a ɗebi ƙasa daga wurare huɗu ko biyar zurfin kamar taƙi ɗaya, kowanne a leda mai tsabta a rubuta inda aka ɗebo, a kai sashen kimiyyar ƙasa na jami'a a ce a auna dalma.