Fumfuna a huhun mai sankarar jini: a fara magani ko a jira gwaji?

Yayar Auwalu: Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 24 yana kwance a wani asibitin koyarwa ana yi masa maganin sankarar jini, kuma bayan zagaye na biyu fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa ƙwarai. Yau kwana 6 zazzaɓi bai sauka ba duk da alluran da ake yi masa, hoton CT kuma ya nuna wasu ƙulle-ƙulle a huhun dama. Likitansa yana zargin fumfunar Aspergillus, wadda ya ce kowa yana shaƙar ta a iska, amma sai mai karyayyar garkuwa take ci. Ko a fara maganin fumfuna na voriconazole yanzu, ko a aika jininsa kudu a yi gwajin galactomannan, mai gano alamar fumfunar a jini, mu jira sakamako, domin abin da ke hannunmu ba zai ɗauki biyun ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara.

Baban Amira: Wa'alaikumus salam. Ku tabbatar ba tarin fuka ba ne. Kawuna sau biyu yana shan maganin wata shida, daga baya aka gano dunƙulen fumfuna ne ya zauna a ramin da tarin ya bari a huhunsa, aka sa shi a kan itraconazole.

Hajiya Babba: 'Yata, kada ki yarda da wannan voriconazole, shi aka ba maigidana. Shi ba shi da wata cutar jini, ciwon suga ne kawai, sai dexamethasone da ya daɗe yana saya a kemis saboda ciwon gwiwa ba tare da sanin likita ba. Da ciwon kai da toshewar hanci ya fara, aka ce mura ce ta yi tsanani, muka yi kwana 9 muna zarya har idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, dasashinsa na sama ya yi baƙi kamar gawayi. Sai da wani matashin likitan hanci ya yanki ɗan nama aka duba sannan aka ce wata cutar fumfuna ce mai suna mucormycosis. An cire idon, an kankare ƙashi, muka sayar da fili muna sayen allurar fumfuna ta amphotericin B a kan naira 95,000 kowace kwalba, bai cika sati uku ba Allah Ya yi masa rasuwa. Har yau ban yafe wa wanda ya ce mura ce ba.

Mai harhaɗa magunguna: Allah Ya jiƙansa, Hajiya, amma cututtukan biyu ne daban-daban. Voriconazole ba ya taɓa fumfunar da ta kama Alhaji, wadda ita ce ta kama mutane fiye da 40,000 a Indiya a 2021 lokacin korona, yawancinsu masu suga da aka ba magani irin dexamethasone. Ga Aspergillus kuwa, shi ne maganin farko. Yaya, ki roƙi a ɗebi jinin kafin a fara, domin maganin yana rage ƙarfin gwajin, amma ba a barin mai irin wannan garkuwa yana jiran sakamako.

Ɗan Funtuwa: Hajiya, an cuce ku a farashi. Mu a kan naira 20,000 muka samu.

Mai harhaɗa magunguna: Tsohon samfuri kuka samu, mai wahalar da ƙoda da zubar da sinadarin potassium. Na Hajiya shi ne liposomal, sabon samfuri mai sauƙi ga ƙoda, kwalbarsa miligiram 50 ce, kuma mai nauyin kilo 60 yakan buƙaci shida a rana guda.

Malamar jinya: Da girmamawa, Malam, sayar da magani daban, tsayawa a kan majinyaci daban. Shekara 14 ina ɗakin masu cutar jini, kuma ba wanda ya isa ya zaɓar wa yaron nan magani bai ga hoton ba, bai san halin hantarsa ba.

Hajiya Babba: Masu ganin hoton ne suka ce mini mura ce.

Ɗan Funtuwa: Ni dai daga yau na tuba da kankare fumfunar burodi in jiƙa sauran a shayi.

Malamar jinya: Ba ta burodi ba ce abin tsoro, Malam, ƙurar gini ce. A wurinmu an fasa bango ana faɗaɗa ɗakin da ke maƙwabtaka da namu, ba a rufe ko da leda ba, tagogi a buɗe saboda ba wuta, mun rubuta koke sau uku ba amsa.

Baban Amira: Ai wutar ita ce uwar matsala. Mu da kanmu muka riƙa haɗa kuɗin man janareta kafin a ɗauki hoton kawuna, aka kuma caje mu cikakken kuɗin hoton.

Yayar Auwalu: Na gode, amma likitan zai zagayo ƙarfe huɗu. Shin akwai wanda ya san nawa ake sayar da voriconazole ɗin a Kano?

Ɗan Funtuwa: Ku nawa aka karɓa a wurinku na man janaretan?