Shawarwarin Masu Tara Tsofaffin Finafinai a Jos

Masu tara finafinan da ba su yi tashe ba, masu tafiyar hawainiya da duhu da shiru mai ratsa jiki, sun tattauna a Jos. Maganar ta fi karkata kan kaset ɗin VHS.

Damina ce babbar matsala. Idan ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren kaset, fumfuna ce, kada ka saka shi a bidiyo, zai shafa wa sauran. A jera kaset a tsaye, nesa da sifika saboda maganaɗisu.

Wajen kwafewa zuwa kwamfuta, tsarin hoton bidiyo namu shi ne wanda ake kira PAL, hoto 25 a daƙiƙa, na Amurka kuwa NTSC. Kuma don Allah kada a ƙara haske, da gangan aka ɗauki duhun.