Neman kalma: wanda ya bar hanyarsa a jikin dutse, me za a ce ya yi?

Maman Hanan, Jidda: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar gargaɗi ta yaranmu da za su je hawan dutse a Shafa, can saman Ɗa'ifa, ranar Asabar. Gobe bayan La'asar za a buga, kuma iyayen sun fi jin Hausa. Kalma biyu sun tsaya mini, "on-route" da "off-route". Kowace hanya da ƙusoshinta da aka kafa a jikin dutsen, mai hawa yana maƙala igiyarsa daga wannan ƙusa zuwa waccan. In ya bi su, ta farko ke nan. In ya karkata gefe, ta biyu.

Ɗan Jarwal: Anti, yana kan layi, ya saki layi. An gama.

Hajiya Babba: Haba ɗana. Uwa ta karanta cewa ɗanta zai iya sakin layi a kan dutse, ai sai ta ɗauka sambatu zai kama yi.

Ɗan Jarwal: To a bar ta yadda yaran ke faɗa. Masu koya musu "masar" suke kiran hanyar da Larabci.

Bazazzagi: Ya fita daga Masar? Sai a tambaya ko Fir'auna na biye da shi.

Malam na Madina: Layi Turanci ne da aka sa wa hula, masar kuma Larabci. Muna da "turba". Ni na daɗe da ƙirƙiro "bi-turba" da "bar-turba". Gajeru ne, ginin su ɗaya da "bi-bango". Na taɓa kawo su a nan, ba wanda ya kula.

Mai Alli, Riyad: Malam, a gafarce ni, ni ina hawa. Abu biyu ne Turawa suka haɗa a kalma ɗaya. A bangon da ake ginawa cikin ɗaki don hawa, kowace hanya da launin madafanta; ka kama madafa mai wani launi, an ce ka fita, sai dai ba abin da zai same ka. A gasa ma baƙin tef ake mannawa a nuna iyaka. A dutsen gaske kuwa ba launi. Mutum ya ga wuri mai sauƙi a hannun dama, ya bi, ƙusa ta gaba tana can hagu. In ya wuce ƙusarsa ta ƙarshe da mita 3 ya zame, mita 6 zai faɗo, ban da miƙewar igiya. Tunda kuma a gefe yake, lilo zai yi ya bugi dutsen. Ga shi inda ba a bi, ba a share shi ba, dutse na iya ɓantarewa ya faɗo wa mai riƙe igiya a ƙasa. Wannan ake so iyaye su gane.

Hajiya Babba: In haka ne "ratse" ce. Ya ratse hanya. Ba laifi a cikinta, ba zagi. "Fanɗare" da "bauɗe" duk suna da ƙanshin rashin jin magana.

Malam na Madina: Ratse ta matafiyi ce a ƙasa. Bar-turba ta fi kama da kalmar ilimi. Matsalarmu ke nan, kun zauna a Makka da Jidda har Hausarku ta koma rabi "yalla" rabi "ɗayyib", sannan in an kawo ta asali ku ce ta yi nauyi.

Ɗan Jarwal: Malam, kakana a ƙafa ya zo daga Katsina ta Sudan, kuma har yau da Hausa ake yi mana faɗa a gida. Wanda jirgi ya kawo karatu shekaranjiya kada ya auna mana ita.

Bazazzagi: Ni abin da ke ba ni haushi, ana yi kamar hawan dutse baƙon abu ne. Mu da Kufena, Kanawa da Dala da Gwauron Dutse, mutanen Kwatarkwashi da kamun maiki a kan dutsensu. Don an sa shi a gasar Olamfik a Tokyo a 2021, Saudiyya kuma ta kafa masa hukuma a 2018, shi ke nan sai mu zama 'yan koyo?

Mai Alli, Riyad: Yaya, Dala matakala gare shi.

Maman Hanan, Jidda: Don Allah ku dawo, ku ma duk kun ratse. Ga abin da na rubuta: "Ka tsaya kan hanyarka, ka bi ƙusoshinta. In ka ga ka ratse, kada ka ci gaba. Ka sanar da mai riƙe maka igiya, ka sauko zuwa ƙusar ƙarshe a hankali." Na bangon ɗaki fa?

Ɗan Jarwal: Satar madafa.

Hajiya Babba: A'a, ba za a kira ɗan mutane ɓarawo a takarda ba.

Maman Hanan, Jidda: To na cire shi, tunda ba bango a Shafa za su hau ba.

Malam na Madina: Ratsen ba ta ɓaci ba, amma ba kalmar fanni ba ce. Ki sa bar-turba ko a ƙasan shafi ne.

Maman Hanan, Jidda: Malam, shafi ɗaya ne, kuma ya cika.