Me zan kira "depresiyon" a shirin gobe?

Mai shiri, Garwa (Kamaru): Salamu alaikum jama'a. Gobe 10 ga Oktoba ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, an ce in yi shiri a rediyo kan matasa, takardar da likita ya ba ni kuwa da Faransanci take, ko'ina depresiyon. Dan Allah a taimaka da Hausarta kafin safe.

Nas, Marwa: Ciwon damuwa. Kar dai ki ce taɓin hankali, uwa na jin haka za ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne ta murɗe tasha.

Malamin lise (makarantar sakandare), Ngaundere: Damuwa ta yi sauƙi, wanda babur ɗinsa ya lalace ma yana cikin damuwa. Mutuwar zuciya fa?

Nas: Haba Malam, ai zagi ne wannan! Da shi ake kashe yaran nan, yarinya ta fi sati biyu ba ta cin tuwo ba ta barci, ta bar ƙawaye, makinta na ta zubewa ga jarrabawar probatuwar a gaba, sai a ce zuciyarta ta mutu ko a ce aljanu. Namiji kuma yawanci fushi za ka gani da faɗa, wani ya faɗa shan tiramol.

Baffa, Injamena: Dusashewar rai. Ni na ƙirƙiro ta kuma ta fi duka, rai kan dusashe kamar garwashi. Ciwon damuwa kayan Kano ne, komai sai mun jira su yanka mana?

Malamin lise: Baffa ku da ko gaisuwa sai kun sa Larabci, yau kai ne mai kare Hausa?

Baffa: Da Larabci nake so da na ce ikti'ab in huta. Mu ma Hausawa ne yaro, kakanninmu hanyar hajji ta kawo su tun ba a haifi babanka ba.

Mai shiri: Baffa a yi haƙuri, dare na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, iyayensu nake so su gane.

Nas: To ki ce ciwon tsananin damuwa, ki bi da alamomin. Ki ce a zauna da yaro a saurare shi ba tsawa, a yi addu'a a kuma kai shi asibiti, in ya fara maganar gara ya mutu kar a bari ya kwana shi kaɗai, ranar za a nemi likita.

Baffa: Kalma uku don abu ɗaya.

Mai shiri: Zan yi da ta Anti nas, taka kuma in ambace ta sau ɗaya in ga ko masu kira za su ɗauka.

Baffa: Sau biyu. Kuma ki faɗi daga Injamena ta fito.